Maimaita Sanarwa Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Kowace shekara Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, kan fitar da sanarwa ga ma'aikatan tarayya masu shirin ajiye aiki, tana jero takardun da za su gabatar: takardar ɗaukar aiki, shaidar haihuwa, takardun ƙarin girma. Tsofaffin ma'aikata kan ce ai tatsuniyar bara ce. Sun manta cewa mai karatun bana ba shi ne na bara ba.

A Abuja, wanda ya rikice sai ya leƙa ofishin da ke kusa. Ma'aikacin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum kuwa ya dogara ne da abin da ya iso masa a rubuce. Idan amsar hukuma ta yi ɓatan dabo, jita-jita ce ke maye gurbinta, alhali saɓanin suna ko ranar haihuwa kaɗai na iya jinkirta haƙƙin wanda ya shekara 35 yana aiki.

Sai dai maimaici na da sharaɗi: a sabunta. Dokar fansho ta 2004 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 7.5 cikin ɗari. Ta 2014 ta mayar da shi kashi 8, na gwamnati kuma kashi 10. Tsohuwar takardar da ba a gyara ba ɓatarwa take yi.

Don haka kowace ma'aikata ta tattara tambayoyin da aka fi yi, ta amsa su da Hausa da Turanci, ta sa kwanan wata, ta riƙa sake fitarwa. Matambayi ba ya ɓata, muddin akwai mai amsa masa.