Katsalandan ga siginar GPS: sai an iya gano shi kafin a yi maganinsa

A ƙarshen watan Afrilun 2024, kamfanin Finnair ya dakatar da zirga-zirga zuwa garin Tartu na ƙasar Estoniya har tsawon wata guda, bayan jiragensa biyu sun juya ba su sauka ba saboda an dagula siginar GPS. Jiragen ba su koma ba sai da aka samar da hanyar sauka mai amfani da na'urorin da ke kafe a ƙasa. Hukumomin Estoniya sun ɗora laifin a kan Rasha.

Dalilin da ya sa abin yake da sauƙi shi ne nisa. Taurarin ɗan Adam na GPS suna shawagi kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kuma kafin siginarsu ta iso ta yi rauni ƙwarai. Ƙaramar na'ura da ke watsa hayaniya a kan zango ɗaya tana iya danne ta. Wannan ita ce toshewa. Mafi haɗari ita ce yaudara, inda ake aika siginar bogi, na'ura ta nuna wa matuƙi wuri ko lokacin da ba gaskiya ba, ba tare da ya san an ruɗe shi ba.

Ta yaya ake gano katsalandan? Hanya ta farko ita ce rahoton matuƙa. Ta biyu kuma jiragen ne da kansu: ta tsarin ADS-B, jirgi yana shelar inda yake tare da nuna ingancin lissafinsa. In jirage da yawa suka nuna rauni a yanki ɗaya, an san akwai matsala. Da irin waɗannan bayanai shafin GPSJam yake zana taswira kullum, inda yankin tekun Baltik, Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya suka fi yin ja. Ta uku ita ce na'urorin sauraro a ƙasa, masu bin sawun sigina har wurin da take fitowa.

Ba kullum sojoji ne ke da hannu ba. A 2013, hukumar sadarwa ta Amurka ta nemi wani direba ya biya tarar dala kusan dubu 32. Ya saka na'urar toshewa a motar aiki don kada ubangidansa ya san inda yake, sai ta dagula wata na'urar saukar jirage a filin jirgin Newark.

Ina abin ya shafi Nijar? Taswirorin intanet sun dogara da na'urorin ƴan sa-kai, waɗanda suka yi ƙaranci a Sahara. Saboda haka rashin ganin ja a samaniyar Agadas ba shaida ba ce cewa komai lafiya. Sannan a Mali da Burkina Faso ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi, kuma toshe sigina na cikin hanyoyin kariya daga gare su. Amma na'urar toshewa ba ta bambanta jirgin maƙiyi da na fasinja. A Yamai kuwa, filin jirgin Diori Hamani da sansanin sojan sama na 101 wuri ɗaya suke.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. ASECNA, mai kula da sararin samaniyar Nijar, tana da yarjejeniya da kamfanin Aireon don karɓar bayanan ADS-B ta tauraron ɗan Adam, har daga tsakiyar Tenere. ARCEP ce ke sa ido a kan zangon rediyo, ANAC kuma a kan sufurin sama. Abin da ake bukata shi ne waɗannan hukumomi da sojoji su riƙa musayar bayanai a kan lokaci, a sanar da matuƙa kafin a kunna na'urar toshewa, a hana shigo da ƙananan na'urorin kasuwa, a kuma ci gaba da kula da na'urorin jagora na ƙasa a filayen Yamai, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas. Darasin Tartu shi ne, ranar da sigina ta ɓace, irin waɗannan na'urori ne ke saukar da jirgi.