LAFIYAR IYALI: Ina Za A Liƙa Maɓallin Awon Sukari?

A wannan wata za mu yi magana a kan wata 'yar na'ura da masu ciwon sukari suke liƙawa a jiki, tana yi musu awon sukari dare da rana. Masu sayarwa suna ce mata sensa, mu kuwa za mu kira ta maɓalli, gama siffarta ke nan, kewayayya ce, faɗinta kamar murfin kwalba. A ƙarƙashin maɓallin akwai ɗan siririn zare wanda yake shiga cikin fata. Ba jini yake aunawa ba, ruwan jiki ne da ke ƙarƙashin fata, sa'an nan ya aika da lissafin zuwa wayar hannu. A shekarar 1999 aka fara yarda da irin wannan na'ura a Amurka, ta kuma yaɗu ƙwarai bayan 2014, sa'ad da kamfanin Abbott ya fito da FreeStyle Libre a ƙasashen Turai.

Abin yana da tsada, domin daga waje ake kawo shi, kuma idan ya ɓamɓare ba ya komawa, sai a sayi sabo. Wanda ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi maɓallin kwana 14, ya faɗi a rana ta uku, ya yi babbar hasara. Wadda ta fi wannan muni kuwa ita ce maɓallin ya zauna daram amma yana ba da lissafin ƙarya, mutum ya bi lissafin nan ya yi allurar insulin. Yawancin lokaci tun daga wurin da aka zaɓa a jiki ake samun waɗannan matsaloli biyu. Saboda haka kada a buɗe kwalin sai an zauna an yi shawara.

Da fari, a karanta takardar da ke cikin kwali, gama kowane iri da wurin da aka gwada shi. FreeStyle Libre a bayan dantse kaɗai aka yarda a sa shi, watau wurin nan mai taushi tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Dexcom G6, mai kwana 10, ana sa shi a ciki, yara masu shekara 2 zuwa 17 kuma ana iya sa musu a saman ɗuwawu. Dexcom G7 shi ma ana sa shi a bayan dantse. Kada wani ya ce ai fata duk ɗaya ce. A shekarar 2018 likitoci a birnin Luben na ƙasar Beljiyam sun liƙa wa masu ciwon sukari Libre a dantse da ciki da cinya a lokaci guda, suka gwama lissafin da awon jini. Na cinya ya yi kusa da na dantse, amma na ciki ya kauce ƙwarai, har suka ce bai kamata a dogara gare shi ba.

Mun ambaci wannan ne domin mun san abin da yake sa mutum ya so kai maɓallin ciki, watau kunya. Budurwa ba ta so a san tana da ciwon sukari, dattijo kuwa yana gudun kada wanda bai sani ba ya hango farin abu a dantsensa ya yi zaton kambu ya ɗaura. Amma maɓallin nan ba laya ba ne, ma'auni ne kamar sikelin mai awo a kasuwa, ciwon sukari kuma ba abin kunya ba ne. Wanda yake son sutura, riga mai hannu ta ishe shi, gama wayar tana karanta maɓallin ko ta bisa tufa.

Na biyu, wane hannu, dama ko hagu? A nan sai mutum ya tambayi kansa gefen da ya saba kwanciya a kai. Idan aka danne maɓallin cikin barci, jini ba ya zagayawa sosai a wurin, sai lissafi ya faɗi ƙasa alhali sukarin yana nan daidai. A lokacin bazara, da yawanmu a Sakkwato a tsakar gida muke kwana bisa tabarma, tabarma kuwa ta fi katifa danne jiki. Mai kwanciya a gefen dama ya sa a hagu. Idan wayar ta yi ƙara da tsakar dare ta nuna ƙasa da 70, watau 3.9 a ɗaya ma'aunin, mutum kuma yana jin kansa garau, sai ya juya, ya huda yatsa ya tabbatar. Amma idan akwai rawar jiki da zufa da jiri, kada a tsaya bincike, a sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma nan da nan. Saboda haka kada a yar da tsohuwar na'urar huda yatsa.

Na uku, a dubi sutura da aikin mutum. Mace mai goyo ta sa maɓallin can sama inda hannun riga zai rufe shi, gama hannun yaro yana kaiwa bayan dantsen uwarsa, duk abin da ya taɓa kuwa sai ya ja. Mai rataya jaka ya sa a hannun da ba ya ratayawa. Mai shiga Keke Napep kowace safiya zuwa Babbar Kasuwa ya lura da ƙarfen gefe da matsin fasinja, haka nan bakin ƙofa a gida, domin maɓallin da ya karkato waje shi ne yake maƙalewa. Wanda nasa na ciki ne ya nisanci cibiya, ya kuma nisanci inda mazagin wando ko ɗaurin zane yake bi. Kada a liƙa shi a kan tabon lamba, ko tabon ƙaho, ko nankarwa, ko inda fata ta yi kumburi saboda yawan allura. Mai yin allurar insulin ya bar tazara: masu Libre sun ce santimita 2.5, masu Dexcom kuwa santimita 8, kusan faɗin tafin hannu.

Na huɗu, yanayin garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, zufa kuwa tana kwance ɗankon maɓalli. A guji kusa da hammata, da duk inda ƙurajen zafi suka fito. Da hunturu kuma fata takan bushe, kowa ya kama shafa basilin ko man kaɗe, ɗanko kuwa ba ya kama fata mai maiƙo. Sai a wanke wurin da sabulu marar ƙamshi, a aske gashi idan akwai, a goge da auduga da sifirit, a bari ya bushe sarai. Ya fi kyau a liƙa shi da dare bayan an yi wanka, iska ta yi sanyi, domin ya sami sa'o'i yana kamawa kafin zufar rana. Sabon da ba a buɗe ba kuma a ajiye shi inda babu zafi, kada a bar shi cikin mota.

Ga iyayen 'yan makaranta muna da roƙo ɗaya, mu da muke wuni tare da yaranku a aji. Ku zo ku gaya wa malamin ajin inda maɓallin yake da abin da yake yi. Yara suna kokawa, suna jan juna a dantse, wani malami kuma yana iya damƙar hannun yaro ko ya ɗaga bulala bai san akwai abu ƙarƙashin riga ba. Idan malami ya sani, zai zaunar da yaron inda ba za a matse shi a benci ba, ba kuwa zai hana shi cin abu a aji ba idan sukarinsa ya sauka.

Idan kwanakin maɓalli sun cika, kada a mai da sabo daidai gurbin tsohon. A koma ɗaya hannun, ko a gusa kaɗan, domin fata ta huta. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi mai tsanani, ko ruwa yana fita, a cire shi a nuna wa likita. Wanda zai fara sawa kuma, muna ba shi shawara ya tafi da kwalin ranar ganin likitansa, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru, a liƙa na farko a gaban ma'aikacin lafiya, wani na gida kuma yana kallo, gama bayan dantse wuri ne da mai shi ba ya gani sai da madubi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sadu a wata mai zuwa.