Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Duk wanda ya karanta tarihin farkon addinin Kirista yadda aka saba koyar da shi zai ɗauka Bitrus da Bulus kaɗai suka yi aikin. Wannan rowar tarihi ce, domin littattafan Sabon Alkawari da kansu sun ƙaryata ta.

Linjilar Luka ta ambaci Maryamu Magadaliya da Yuwana, matar wakilin gidan Hirudus, cikin matan da suka ciyar da Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. A Filibi, Lidiya mai fataucin tufafin shunayya ce ta sauki Bulus, gidanta ya zama wurin taruwar masu bi. A Yafa, Tabita tana ɗinka wa gwauraye riguna. Wasiƙar Romawa kuwa, masana da yawa suna ganin Fibi ta Kankiriya ce ta kai ta Roma. Wajen shekarar 112, da Filini, gwamnan Bitiniya, ya so sanin sirrin Kiristoci, bayi mata biyu masu hidimar ikkilisiya ya sa aka azabtar.

Me aka saka musu da shi? Yuniya, wadda Bulus ya yaba tare da manzanni, an mayar da sunanta na namiji a bugun Girkanci na Nestle na 1927, ba a gyara ba sai 1998.

Malamin da ke koyar da tarihi ya tsallake waɗannan mata yana koya wa ɗalibansa cewa mai magana a bainar jama'a shi ne mai aiki, mai dafa tuwo da mai ba da masauki kuwa ba su cancanci suna ba. Ƴan matan ajinsa suna saurare.