Makullin Shagon da Ba a Gani

Jama'a, wannan makon zan taɓo abin da 'ya'yanmu suka fi mu iyawa, amma mu ke biyan kuɗinsa: manhajojin da ma'aikata ke haɗuwa ciki su yi aiki tare, irin su Microsoft 365 da Google Workspace. Duk mai shago a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ga ƙani yana sayo atamfa a Kantin Kwari, ga yaro yana jiran kwantena a Lome, ya san daɗinsu. Littafin bashi ɗaya ne, kowa na gani a wayarsa, ba sai an jira direba ya kawo takarda ba.

Sai dai fa lasisin nan haya ce, ba saye ba, kuma kai ake ƙirgawa. Mutum bakwai, kuɗin mutum bakwai. In ka ɗauki alkawarin shekara farashi ya fi sauƙi, amma yara biyu su tafi a tsakiya, kujerunsu na wuyanka har wa'adi ya cika, sai dai ka ba wasu sababbi. Mu da yaranmu ke komawa gida noma da damina, ni shawarata ita ce na dindindin a ɗaukar musu na shekara, sauran wata-wata. Wanda kuwa ake yi wa lissafi da dala alhali cinikinsa na naira ne, ya ji a jikinsa tun 2023.

Wasu kan ce to a sayi guda ɗaya, mutum biyar su raba kalmar sirri. Ban goyi baya ba. Ban da saɓa yarjejeniya, ranar da aka sauya adadin bashin Alhaji wane, wa za ka kama?

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya buɗe asusun tun farko. Galibi maigida kan miƙa wa yaro mai wayo ya ce, "Kai ka san kan abin nan, ka yi mana." Yaro ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa, ya zama shi ne mai iko. Ranar da aka ɓata, wallahi da littafin bashi da sunayen abokan ciniki duk suna aljihunsa, kamfanin manhajar kuma shi ya sani, bai san ka ba.

A buɗe da sunan kasuwanci, da lambar maigida. Masu iko su zama biyu: kai da uwargida, ko babban ɗanka, don ko ta Allah ta kasance iyali ba za su rasa sanin masu bashi ba. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa ran nan, a kwashe takardunsa tukun.

In an daina biya kuma, ba har abada za su ajiye maka kaya ba. Bayan wani wa'adi gogewa suke yi. Ni duk ƙarshen wata nakan sa a sauke kwafi a filas, in jefa shi cikin akwatin da nake ajiye takardun kwastan.