Dillali ba injiniya ba ne

1/ Mutum zai sayi mota 'yar Kwatano, sai ya taho da makanikensa a buɗe inji, a leƙa ƙasa. Amma gidan da zai zuba wa miliyoyi ya kwantar da iyalinsa ciki, dillali ya ce "wallahi garau yake", shi kenan an biya. Haba jama'a!

2/ Dillali la'ada yake jira. In ciniki bai faɗa ba, ko sisi babu. Shi kake so ya nuna maka aibin gidan?

3/ Kawuna ya sayi gida da rani, sabon fenti sai ƙyalli. Ruwan Agusta na sauka, bango ya jiƙe har gwiwa, tsaga ta fito a karkace daga kusurwar taga. Ashe a hanyar ruwa aka gina shi. Kuɗin sallamarsa daga aiki ne fa ya tafi a nan.

4/ Kuma ba duk mai hular kwano ne injiniya ba. Birkilan unguwa ya iya jera bulo, amma ƙarfin tushe da rodi ba fanninsa ba ne. Nemi injiniyan gine-gine mai rajistar COREN, ko magini mai rajistar CORBON. Karɓi lambar rajistarsa ka tantance.

5/ Kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi. Wanda mai gida ko dillali ya kawo, nasu ne. Ya ba ka rahoto a rubuce da sa hannu da hatimi, ba "babu matsala, Alhaji" a waya ba.

6/ Ya duba tsagar bango, danshi a gindin gini, rodin dekin da ya yi tsatsa, gara a katakon rufi, wayarin, da tazarar sokawe da rijiya. In a Kano ne, a nuna maka zanen da KNUPDA ta amince da shi. C of O shaidar fili ce, ba ta lafiyar gini ba.

7/ Masu cewa Allah ne ke tsarewa: gaskiya ne, amma tawakkali bai hana bincike ba. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a 2021, sama da mutum 40 suka rasu. A 2022 wani ya rufta a titin Beirut, Kano.

8/ Mai gidan da ya hana ka shigo da injiniya ya riga ya gaya maka halin gidansa. Ɗauki kuɗinka ka yi gaba.