Ra'ayinmu: Tsohuwar kwamfuta ma tana da nata wasannin

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 kuwa ba ta hawa kan kwamfutar da ba ta da wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke gidajenmu, daga Briketeri a Yawunde har Garwa da Marwa, ba su cika wannan sharaɗi ba. Masu gyara suna ba da shawarar a sa musu Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Sai yaro ya tada ƙayar baya, wai Linux ba ta wasa, sai dai Baba ya sayo sabuwa. To, kafin Baba ya ci bashi, a tsaya a ji.

Maganar yaron tana da tushe. A Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve na Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wasa Windows suke amfani da ita. Linux da Mac ɗan abin da ya rage suke rabawa. Mai yin wasa ɗan kasuwa ne, inda jama'a suka taru nan yake baza kaya. Masu Mac ma sun sha nasu: a 2019 Apple ya fito da macOS Catalina, ya daina karɓar manhajojin 32-bit, tsofaffin wasanni da yawa suka daina buɗewa.

Amma fa abin ya sauya. A 2013 Steam ya shigo Linux. A 2018 Valve ya fito da Proton, wata manhaja mai aikin tafinta, wadda take sa wasan da aka yi don Windows ya yi aiki a kan Linux. Da kamfanin ya saki na'urarsa ta hannu, Steam Deck, a 2022, Linux ce a cikinta, dole masu yin wasa suka fara waiwayo. Waɗanda har yanzu suke ƙi su ne irin su Fortnite da Valorant, na harbe-harbe a intanet, saboda manhajar hana maguɗi da ke jikinsu.

Inda waɗannan kwamfutoci suka fi samun rabo shi ne wasannin labari. Iri biyu ne: na kasada, inda kake warware wuyar warwarewa don labari ya ci gaba, da wanda kake shiga rigar jarumi, ka yi magana da mutane, ka zaɓi hanya, ka ga sakamakon zaɓinka. Akwai ScummVM, manhajar kyauta da masu sa kai suka fara a 2001, tana tayar da tsofaffin wasannin kasada irin su The Secret of Monkey Island na 1990. Beneath a Steel Sky, wanda kamfanin Revolution na Ingila ya yi a 1994, masu shi da kansu suka mayar da shi kyauta a 2003, kuma bai kai megabait 100 ba. Battle for Wesnoth kyauta ne tun 2003. A cikin na saye akwai Stardew Valley na 2016, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya yi shi: noma da kiwo da zama da maƙwabta, wurin da yake ci megabait 500 kacal. Ka kwatanta da Baldur's Gate 3 na 2023 mai neman gigabait 150. Wane data gare mu? Ai da tsohuwar zuma ake magani.

A matsayina na malamin makaranta, ga abin da ya sa na damu. Waɗannan wasanni karatu ne. Ba ka wuce ƙofa sai ka karanta abin da mai gadi ya ce, ka fahimta, ka tuna. Da yawansu ana iya juya su zuwa Faransanci ko Ingilishi, harsunan da yaranmu ke rubuta jarrabawa da su. Yaron da ba ya iya zama da littafi na minti 10, sai ka tarar ya yi awa guda yana bin jimla da yatsa don ya san inda aka ɓoye mabuɗi.

Ba mu ce a sakar wa yara linzami ba. Wasu wasannin na manya ne, akwai tsiraici da tsafi da zubar da jini, Baldur's Gate 3 ma alamar shekara 18 ke kansa. Iyaye su duba alamar shekarun kafin a sauke, a kuma yanka wa wasa lokaci, bayan makaranta da Islamiyya da aikin gida. Sannan a guji wasannin sata da ake zuba wa yara a kasuwa. Su ne ke shigo da cuta cikin kwamfuta, kuma wanda ya ɗauki na sata ba ya cikin lissafin kamfani, balle a yi wasa dominsa.

Kira na ƙarshe ga namu na gida. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan jarumta da aka gina kan al'adun Afirka. Abin alfahari ne, sai dai a kan Windows ya fito. Masu tasowa a wannan sana'a su tuna irin kwamfutar da ke ɗakin ƙannensu, su yi wasa marar nauyi da zai hau Linux tun ranar farko. Makarantun da ke da tsofaffin kwamfutoci a jibge kuma, a share musu ƙura, a sa musu Linux, a zuba biyu ko uku daga cikin wasannin kyautar nan, a bar yara su gwada. Allah Ya sa mu dace.