Sharhi: Yadda ciwon daji da magungunansa kan taɓa ganin majiyyaci

A Kontagora da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan gani ya fara dushewa akan ɗora laifin a kan yanar ido ko tsufa. Ga mai jinyar ciwon daji kuwa, irin wannan zato na iya jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Masana sun tabbatar da cewa wani lokaci garkuwar jiki, a ƙoƙarinta na yaƙar ciwon daji, takan kai hari kan tantanin da ke can bayan ido mai karɓar haske. An fi ganin hakan ga masu ciwon dajin huhu da wani nau'in na fata. Alamominsa sun haɗa da walƙiya a ido, dundumi da ƙuntatar gani, kuma sukan riga gano ciwon bayyana.

Sababbin magungunan zaburar da garkuwar jiki sun ƙara wa lamarin nauyi. Amurka ta amince da ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, binciken da ya kai James Allison da Tasuku Honjo ga lambar Nobel a 2018. Magungunan sun tsawaita rayuka da dama, sai dai suna kwance wa garkuwar jiki linzami ne, don haka ga 'yan tsirarun majiyyata takan far wa ido, ta haddasa kumburi. Ko tamoxifen, da ake ba masu ciwon dajin mama, yakan taɓa tantanin idan an daɗe ana sha.

A nan nisa ya zama matsala. Majiyyaci daga Kontagora yakan nemi magani a Zariya, Sakkwato ko Abuja, sannan ya dawo gida, inda alamomin kan ɓullo bayan makonni ko watanni. Idan ma'aikacin lafiyar da ya duba shi bai san maganin da yake karɓa ba, sai a sallame shi da maganin ɗigawa.

Saboda haka ya wajaba a auna idon majiyyaci kafin fara magani, a ba shi takardar da ke ɗauke da sunan maganin, a kuma shimfiɗa hanyar tura shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna cikin gaggawa. Kumburin da aka gano da wuri yakan ji magani, amma ƙwayoyin tantanin da suka mutu ba sa farfaɗowa. Bai kuma kamata majiyyaci ya dakatar da magani ba sai da umarnin likitansa.